Rigimar Kunkuru Mai Tashi

Ni ce na fara sa waƙar a rediyo, don haka duk abin da ya biyo baya ina da kaso a ciki.

Sunana Iceu. Shekara tara ina gabatar da shirin zaɓin masu sauraro a wata 'yar ƙaramar tasha da ke saman shagon fenti a kudancin Bandung, duk ranar Lahadi daga bayan la'asar zuwa dab da magariba. Masu sauraronmu teloli ne da direbobin ƙananan bas na haya da matan kasuwa da tsofaffin da suka yi ritaya. Abin da suke nema bai wuce waƙoƙin soyayya na da ba, sai gaisuwa ga 'yan uwa da abokan arziki.

Wata Lahadi na zo aiki da mura, muryata ta dishe, da ƙyar ake jin abin da nake faɗa. A ƙofar tasha na tarar da wata mata tana jirana, ba za ta wuce shekara talatin ba, da farar rigar masu sayar da magani a jikinta. Ta ce sunanta Nenden, a kantin magani take aiki, amma ita ce mai ganga a wata ƙungiyar kiɗa. Su huɗu ne, suna yin irin rok ɗin nan da ake ce wa furog, wanda waƙa ɗaya sai ta yi ta sauya salo kamar hawainiya. Sunan ƙungiyar Kuya Ngapung, wato Kunkuru Mai Tashi. Ta miƙo mini faifai.

"Teh Iceu, waƙa ɗaya ce a ciki," in ji ta. (A wurinmu Teh da Ceu da Kang kamar a ce Yaya ne, Neng kamar a ce 'yan mata, Pak kuma kamar a ce Baba.) "Amma minti goma sha tara ce. In za ki yanke ta, gara kada ki sa."

Ba don na san darajar kiɗan na sa shi ba. Na lissafa ne kawai cewa minti goma sha tara zan samu in huta da magana, in sha ruwan citta. Ko saurara ban yi ba kafin in danna.

Sunan waƙar "Ruwa Ya Ci Gada". Minti biyu na farko babu komai sai ƙarar injin niƙa waken suya, wadda suka naɗo a gidan masu yin awara. Daga nan jita ta shigo da wani kiɗa da ƙafa ba ta iya binsa, sai ka ɗaga za ka taka ka ji an riga ka wuce. Sarewa ta biyo baya. Ba a buɗe baki an rera komai ba sai a minti na shida, shi ma layi huɗu ne aka yi shiru. A minti na goma sha ɗaya sai gangunanmu na gargajiya, kendang, suka faɗo a kan na Turawa, aka yi ta artabu. Bayan nan kuma komai ya ɗauke ɗif na daƙiƙa ashirin, har Kang Oding, shugaban tashar, ya hawo bene a guje yana tsammanin na'ura ce ta mutu.

Kafin waƙar ta ƙare wayoyinmu biyu sun fara ruri.

Na farko wani direba ne, ya ce ya tsaya ya buɗe gaban motarsa yana neman inda ƙarar take fitowa. Ta biyu Ceu Popon ce, tela a bayan kasuwa, wadda ta saba kira tana neman waƙoƙin kuka.

"Neng Iceu, mene ne wannan kika sa?"

Na fara ba ta haƙuri.

"Haƙurin me? Sake sa shi za ki yi. Wallahi tun da aka fara na cire ƙafata daga kan keke, ban ƙara ɗinka ko kabu ɗaya ba. Shekara talatin ina jin waƙoƙin da tun kafin mawaƙi ya buɗe baki na san abin da zai ce. Wannan kuwa ban san inda za a kai ni ba."

Na uku ya yi sallama a nitse, ya ce sunansa Somantri, tsohon malamin kiɗa a makarantar sakandare, kuma shekara arba'in yana buga kendang a bukukuwa.

"'Yata, ba faɗa na kira in yi ba. Tambaya ce. Waɗannan yaran, akwai wanda ya yi musu laifi ne suke ramawa a kanmu?"

Daga ranar aka ja daga. Lahadi ta gaba saƙonni sittin da wani abu suka shigo, rabi na cewa a maimaita, rabi na cewa in aka maimaita za su koma wata tasha. Kang Oding ya ce bai taɓa ganin an damu da mu haka ba, don haka a riƙa sa waƙar duk mako, a bar rabin awa na ƙarshe ga masu kira.

Mutane suka raɗa wa juna suna. Masu so su ne 'yan Kunkuru, masu ƙi kuma 'yan Lafiyar Kunne. Wani mai gyaran babur ya ce shi fa in yana son ƙarar inji ba sai ya kunna rediyo ba. Wata malamar asibiti ta mayar masa da cewa ai shi ya sa bai gane ba, kunnensa ya riga ya toshe da baƙin mai. Wani ɗalibin jami'a ya kira ya yi ta zuba sunayen ƙungiyoyin ƙasashen waje, ya ce duk wanda bai fahimci waƙar ba jahili ne, sai Ceu Popon da kanta ta kira ta ce masa ya rufe musu baki, ita aji shida ta tsaya kuma ta fi shi jin daɗin waƙar. Akwai mata da miji masu sayar da soyayyar ayaba da suka kira a jere da waya ɗaya, ita tana yabo, shi yana kushe, muna jin ta a bayansa tana cewa ya juya ayabar kada ta ƙone.

Ni kaina an sha tambayata ina na dosa. Gaskiyar magana, wurin sarewar nan yana taɓa ni, sauran kuwa haƙuri nake yi da shi. Amma a kan iska ban taɓa faɗa ba.

Pak Somantri bai taɓa fashi ba. Abin da na lura da shi, sauran 'yan Lafiyar Kunne cewa kawai suke yi hayaniya ce, shi kuwa kullum da sabon abu yake zuwa, da minti da daƙiƙa. Yau ya ce a minti na huɗu mai sarewa ya ja numfashi a tsakiyar jimla. Wani makon ya ce bugu bakwai-bakwai suke ƙirgawa, sai su koma goma sha ɗaya ba tare da wani dalili ba sai don a ce sun iya lissafi. Na ce masa, "Pak, anya a rediyo kaɗai kake jin waƙar nan?"

Ya ce ya sayi faifan. "Likita ba ya ba da magani sai ya duba mara lafiya."

Da aka yi wata biyu ana haka, Kang Oding ya ce a haɗa kowa wuri guda. Ya ari zauren taron unguwa, ya gayyaci ƙungiyar su buga waƙar a gaban jama'a ranar Lahadi da rana, mu kuma mu watsa kai tsaye. Mun jera kujeru ɗari, mutane suka fi ɗari da hamsin. Ba wanda ya ce a rabu, amma da kansu suka rabu, 'yan Kunkuru a dama, 'yan Lafiyar Kunne a hagu, teburin shayi da soyayyar awara a tsakiya.

A ranar na fara ganin Ceu Popon da Pak Somantri ido da ido. Ita gajera ce mai jiki, da tabarau rataye a wuya. Shi dogo ne siriri, ya sha rigar batik mai dogon hannu kamar mai zuwa ɗaurin aure, da ɗan littafi a aljihu. Ita ta fara zuwa wurinsa.

"Kai ne mai daƙiƙa?"

"Ke ce mai keke?"

"Na zaci za ka fi haka tsufa."

"Kafin wata biyun nan ai ban kai haka ba, Ceu."

Ƙungiyar ta hau. Shugabansu Dikdik ne, mai jita, mai gashi har kafaɗa, wanda da rana yake zanen gine-gine a wani ofis. Suka buga waƙar daga farko har ƙarshe. Da aka zo minti na goma sha ɗaya, Nenden ta ajiye sandunanta ta juya kan kendang da ke gefenta, ta buga da tafin hannu, ƙafarta kuma tana ci gaba da taka babbar ganga. Ɓangaren dama suka tashi tsaye suna tafi. A hagu wata tsohuwa ta toshe kunnuwa da gefen mayafinta.

Bayan sun gama na zagaya da makirufo. Aka yi ta maimaita abin da aka saba faɗa a waya. Da na iso kan Pak Somantri sai ya miƙe, bai ko ciro littafin ba.

"Injin niƙa da shirun nan da lissafin, duk na bar muku, ku da Allah. Abu ɗaya ne ya hana ni sakewa. Kendang ba agogo ba ce. A wurinmu ita ce take magana, ita take gaya wa mai rawa ya tsaya ko ya juya, sauran kayan kiɗa su bi ta. Ku kuwa kun ɗauko ta kun mai da ita 'yar aike, tana ƙirga muku bugu. Kuma wadda ta buga, ki yi haƙuri 'yata, hannunki bai san fata ba. Mari kike yi, ba bugu ba."

Zauren ya ɗauki hayaniya. Dikdik ya karɓi makirufo fuska a murtuke, ya ce da gangan suka yi, ba kiɗan biki suke yi ba, kuma ba wanda ya ba wani hatimin mallakar kendang. 'Yan dama suka yi masa tafi. Sai Nenden ta miƙo hannu daga bayan ganguna ta karɓa.

"Gaskiya Bapak ya faɗa," in ji ta, tana nufin Pak Somantri. "Wata uku na yi ina koya daga bidiyo a waya. Duk lokacin da muka zo wurin nan kunya nake ji. Na gaya wa Dikdik tun kafin mu ɗauka, ya ce ba wanda zai lura."

'Yan Lafiyar Kunne ma ba su yi murna ba, don ba su zaci za a ba su gari da sauƙi haka ba. Ceu Popon ce ta miƙe, ba ta jira makirufo ba.

"Ke 'yar nan! Wata biyu ina zubar da mutuncina a rediyo saboda ke, na yi faɗa da ƙanwata, na yi faɗa da mai kawo mini zare, yau ki tashi a gaban mutane ki ce kunya kike ji? To wurin da kike jin kunyar, shi na fi so. Kamar zare ne ya cukurkuɗe a keke, kina ja yana ja, can sai ya warware. Wa ya ce miki sai an iya abu yake daɗi?"

"Ceu, ni na buga, na san ban buga daidai ba."

"Ke kika buga, ni na ji. Kowa ya tsaya a aikinsa."

Aka yi dariya har a hagu. Nenden ta juya wurin tsohon ta ce, in haka ne ya zo ya koya mata, ko ma ya buga da kansa a sake ɗauka. Ya ce Allah ya kiyaye, shi bai kai shekara sittin da takwas ba don ya ƙare a bayan injin niƙa. Da haka taro ya watse, ana ta gardama har bakin titi.

Kwana goma bayan nan Nenden ta kira ni ta ce Pak Somantri ya bayyana a garejin da suke gwaji, da kendang ɗinsa a bayan ɗan acaɓa. Daga baya matarsa ta gaya mini cewa tun ranar taron yake buga teburin cin abinci da yatsu yana ƙirga goma sha ɗaya, har ta ce masa ko dai ya je ya yi abin nan ko ya koma cin abinci a waje.

Na je gwajin sau biyu. Ba a yi zaman daɗi ba. Shi da Dikdik ba su taɓa yarda da juna a kan komai ba. Tsohon ya ce in kendang za ta shigo, dole jita ta ja baya ta saurara. Dikdik ya ce waƙarsa ce. Tsohon ya ce to ya buga ta shi kaɗai. Sau uku yana ɗaure kayansa zai tafi, sau uku Nenden tana tare ƙofa da kofin kofi. Ita kuma ya sa ta yi mako uku ba ta buga komai ba sai sauti ɗaya, har tafin hannunta ya yi kanta. Yakan kama hannun ya ce, "Ba da ƙarfi ba. Ki bar shi ya faɗi da nauyinsa."

A ƙarshe Dikdik ya sassauta, ba don ya gamsu ba sai don sauran ukun sun bi bayan tsohon. Suka sake ɗaukar waƙar, Pak Somantri a kan manyan kendang, Nenden tana amsa masa da ƙananan. Ta ƙaru ta zama minti ashirin da biyu.

Ranar da na sa sabuwar, na zaci rigima ta ƙare. Ashe sabuwa za a buɗe. Wasu daga cikin 'yan Lafiyar Kunne, musamman tsofaffi, suka ce yanzu kam akwai abin saurare, in mutum ya daure ya kai tsakiya. 'Yan Kunkuru kuwa suka dare gida biyu. Ɗalibin jami'ar nan ya ce an kai ƙololuwa. Ceu Popon ta ce an kashe waƙar.

"Sun yi mata guga," in ji ta. "Da tana da ƙaya, yanzu ta zama matashin kai. Neng Iceu, ni tsohuwar za ki riƙa sa mini."

Tana ajiyewa Pak Somantri ya kira. Na taya shi murna, na ce yau dai ya zama ɗan Kunkuru.

"Kada ki ƙulla mini sharri, 'yata. Minti huɗu na gyara. Sauran goma sha takwas suna nan yadda suke, kuma ina roƙon jama'a su yi haƙuri da su kamar yadda nake yi."

Sabon faifan ya yi tafiya fiye da na farko. Bayan wata biyar aka gayyace su wani bikin kiɗa na kwana biyu a Yogyakarta. Kang Oding ya ce in bi su in kawo rahoto. Ceu Popon, duk da fushinta, ita ta ɗinka musu rigunan hawa dandamali, baƙaƙe masu ɗan ja a wuya, ta ce tunda ita ta ɗinka dole ta je ta ga yadda suka zauna a jiki. A jirgin ƙasa kujerarta na kusa da ta Pak Somantri. Awa bakwai suna abu ɗaya. Ta buɗe ƙunshin shinkafa da soyayyen kifi ta ba shi rabi, yana ci yana gaya mata ba ta da kunne, tana gaya masa shi kuma ba shi da zuciya.

Ƙarfe huɗu na yamma aka ba su. Pak Somantri ya hau dandamali tare da su, ya zauna a kan tabarmarsa ya naɗe hannu, fuskarsa kamar mai jiran layi a asibiti. Da lokacinsa ya zo ya buga. Ban san kendang sosai ba, amma na ga mutanen da ke zaune a ƙasa sun miƙe, na ga Dikdik da kansa ya ja da baya ya rage muryar jitarsa ba tare da kowa ya ce masa ba. Da tsohon ya gama ya sake naɗe hannu har aka kai ƙarshe. A can ma da muka fito na ji wasu samari biyu suna musu, ɗaya na cewa bai taɓa jin irinsa ba, ɗayan na cewa shi ma haka, kuma ba ya fatan ya sake.

Ƙungiyar ba ta daɗe ba bayan nan. Dikdik ya samu aiki a Batam ya tafi, ya kafa wata ƙungiyar a can, na ji an ce babu kendang a cikinta. Mai sarewa ya yi aure ya koma garin matarsa. Nenden ta ci gaba da zuwa gidan Pak Somantri duk ranar Laraba bayan ta tashi daga kanti, yanzu har yana tura ta bukukuwan da ƙafarsa ba za ta iya kai shi ba.

Wata biyu da dawowarmu daga Yogyakarta, wata mujallar kiɗa ta Jakarta ta buga sharhi a kan bikin, da hoton Pak Somantri babba. Marubucin ya kira shi dattijon da ya rungumi sabon zamani, ya ce shi ne ruhin ƙungiyar. Ceu Popon ce ta sayi mujallar ta kai masa har gida don ta ga fuskarsa.

Washegari da hantsi ya hawo benenmu yana haki, ya ce in zauna a gaban kwamfuta in rubuta abin da zai faɗa. Wasiƙa ce zuwa ga editan. Ya gode da hoton, ya ce an rubuta sunansa daidai, amma yana so a sani cewa shi bai rungumi komai ba, gyara aka kira shi ya yi, kuma ra'ayinsa game da waƙar yana nan inda yake. Ya sa na karanta masa sau biyu, ya cire kalma ɗaya da ya ce ta yi zafi, ya sa hannu.

Sun buga ta a fitowa ta gaba, a shafi na arba'in da shida, ƙarƙashin tallar igiyoyin jita.